Layin Ƙarshe a Jerin Masu Taki

Buhu ɗari shida na taki, rabi kamfa rabi yuriya. Manoma ɗari uku, kowa buhu biyu. Kwana biyar, daga Litinin zuwa sha biyun ranar Juma'a. Abin da ke gabana ke nan a noman ranin da zan ba da labarinsa. Idan sunayen mutanena suka shiga na'urar kamfani kafin wa'adi, tirela za ta sauke kaya a ƙofar shagona, na zama wakilinsu a Bunkure. Idan ba su shiga ba, kasonmu ya koma hannun wani dila a Kura. Manomi kuwa inda ya ɗauki taki nan yake sayen iri da maganin feshi, nan kuma yake kai shinkafarsa in ta nuna. Wato garken da na yi shekara ashirin ina tarawa zan kora wa wani har ƙofar gidansa.

Da tiya na fara, ina ɗaure rabin buhu a bayan keke ina bin bakin kanal. Bokona bai wuce aji huɗu ba, amma in na murza taki a tafin hannu na san wanda aka gauraya da yashi, in na ɗaga buhu na san wanda aka tsotse da bututu. Na ɗauka babu algus ɗin da zai wuce ni. Ashe akwai wanda ba a murzawa, ba a ɗagawa, ba a ma ganinsa.

Kamfanin na masu casar shinkafa ne. Suna ba da taki da rangwame, manomi ya sayar musu da abin da ya noma. Sun daina karɓar jerin sunaye a takarda, don a cewarsu sun gaji da ba matattu da jarirai taki, kuma ban ga laifinsu ba, na san wasu daga cikin matattun. Yanzu sai a buga sunayen a kwamfuta a aika wa na'urarsu. Duk wanda ta karɓa za a turo masa tes da lamba, ya nuna a shagona ya ɗauki buhunsa.

Sun aiko da samfuri. Kowane manomi layi ɗaya. Kafin kowane bayani akwai alamarsa, wata 'yar kalma a tsakanin baka biyu masu tsini: ta suna, ta lambar waya, ta girman gona, sai ta yanki a ƙarshe. Da alamun na'urar take gane abin da ke biye. Abin da ya biyo bayan alamar yanki dole ya zama Bunkure, in ba haka ba ta ce mutumin ba nawa ba ne.

Bugawar ba ta ba mu wahala ba. Jerawar ce ta ci kwana biyu a zauren dagaci. A wurinmu ba a rubuta sunaye yadda suka zo. Dagaci ne farko, sai liman, sai masu unguwanni, sai waɗanda suka je Makka, su ma wanda ya je sau biyu yana gaban wanda ya je sau ɗaya. Sai masu manyan gonaki, sai talakawa, sai masu haya, sai baƙi. An kusa dambe a kan lamba ta goma sha tara da ta ashirin. Na gaya musu buhu biyu ne ko kana sama ko kana ƙasa, wani dattijo ya ce kabari ma faɗinsa ɗaya amma ba a binne mutum a bola.

Lamba ta ɗari uku ba a yi gardama a kanta ba. Wata mata ce 'yar Filato, Kirista, mijinta makanikin injin ban ruwa. Ta haura sittin, ta fi shekara ashirin a garin, amma har yau baƙuwa ake ce mata. Tana hayar rabin eka a wutsiyar kanal, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya ƙoshi. Madam muke kiranta. Abin da na sani game da ita shi ne ba ta taya kaya sau biyu, kuma albasarta ba ta ruɓewa.

Na kai jerin wurin mai kwamfutar garinmu, wani magidanci mai tabarau da ke buga katin biki da takardar neman aiki, wanda ya rubuta Injiniya a allon shagonsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ya buga, muka bi layi-layi muka duba. Ranar Litinin bayan la'asar ya aika. Na'urar ta yi ɗan tunani ta amsa. An karɓi ɗaya. An ƙi ɗari biyu da casa'in da tara. Dalili: ba 'yan yankin ba ne.

Ban kai ga tambayar wane ne ɗayan ba. Ina komawa shago na tarar da Madam tsaye, dattawa cike da benci, ta miƙo mini waya.

"Alhaji, an turo mini lamba. Yaushe zan zo da baro?"

Kafin a kira magariba labari ya kai unguwar da ko ruwan kanal bai kai ba.

Da sassafe ranar Talata dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da zaure cike, na tsuguna na yi gaisuwa.

"Alhaji," in ji shi, "na ji an ce ni ba ɗan Bunkure ba ne."

"Ranka ya daɗe, na'ura ce ta faɗa."

"Na'urar ta san inda aka binne kakana?"

"Ban jin ta sani, ranka ya daɗe."

"Amma ta san matar makanike."

Liman ya ce shi dai bai zargi kowa ba, sai dai abin da mamaki. Wani mai unguwa ya ce a bincika kamfanin na su wane ne, don jini ya fi ruwa kauri a kowace ƙabila. Wani daga baya ya ce an ga kwandon albasa ya shiga gidana makon jiya. Gaskiya ne ya shiga. Saya na yi, kuma ta tsuga mini kuɗi.

Na fita na kira injiniyan kamfanin, wani mai Hausa rabi Turanci da ke zaune a ofis a birni. Na karanta masa abin da na'urarsu ta ce.

"Alhaji, a wurina yana aiki lafiya lau," ya ce. "Yanzu na gwada da samfurinmu, ya wuce. Ku duba rubutunku."

"Yallaɓai, mun duba. Bunkure muka rubuta."

"To ba daidai kuka rubuta ba."

"Garinmu ne fa."

Ya ce yana da taro. Ban taɓa ganin likitan da za ka ce masa cikinka na ciwo ya shafa nasa ya ce lafiya ƙalau ba, sai a wannan sana'ar.

Muka koma kan rubutu. Mai kwamfuta ya mai da Bunkure manyan baƙaƙe a duk layukan, muka aika: ɗaya. Ya mai da ita ƙanana: ɗaya. Ya kwafo kalmar daga cikin samfurin kamfanin da kanta ya liƙa sau ɗari uku: ɗaya, kuma ita ce dai. Na sa fuskata a allon har hancina na taɓa gilashi, ina gwada layin dagaci da na Madam. Bunkure a nan, Bunkure a can, kamar an tsaga kara. Mai kwamfuta ya ɗora laifin a kan cutar kwamfuta, sannan a kan sabis, sannan a kan zafin rana. Da ya ga ban tafi ba sai ya ce shi a iya saninsa wannan ba aikin boko ba ne, a nemi malamai.

Da yamma dilan Kura ya zo da kansa a mota, wai ya zo yi mini jaje. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya kiyaye gaba. Daga nan ya wuce teburin mai shayi ya zauna, ya fito da littafi da biro. Ina hango mutanena suna zagayawa ta bayan masallaci don kada na gan su.

Ranar Laraba na tashi da tunanin da ya kamata na yi tun Litinin. In ka kai buhu ɗari uku kasuwa aka karɓi ɗaya aka mayar maka da sauran, ba waɗanda aka mayar za ka zauna kana kallo ba. Wanda aka karɓa za ka je ka duba. Na hau babur na bi kanal har inda siminti ya ƙare, ruwa ya koma kamar fitsarin akuya. Na same ta tana jan tiyo daga kwami zuwa kwami.

Bayan gaisuwa na ce, "Madam, ni ba na kwana-kwana. Wa kika sani a kamfanin nan?"

Ta dube ni, ta dubi ruwan da ke ɗiga daga tiyon.

"Alhaji, mai hanya a kamfani ne zai zauna a nan yana roƙon ruwa kamar mai bara?"

"To me ya sa ke kaɗai?"

"Ni ma na kwana ina tambaya. Ina sunana yake a jerin?"

"Wajen ƙasa."

"Wajen ƙasa, ko ƙasan?"

"Ƙasan."

"Babu kowa a bayana?"

"Babu."

Ta ajiye tiyon. "Da ya gama buga layina, ya danna madannin sauka ƙasa, ko a nan ya tsaya?"

Na ce ban san ma akwai irin wannan madannin ba. Ta wanke hannu a kwami ta ce in kawo mata jerin a filash, tare da samfurin kamfanin, in same ta a gida bayan azahar.

A ranar na san shekara ashirin da takwas ta yi tana buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ta yi ritaya. Shekara ashirin tana sayen taki a hannuna, ban taɓa tambaya ba. Mijinta ya shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Ta fito da wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif, ta koma ta rungumo wani abu a lulluɓe da zane. Tafireta ce, baƙa, mai nauyin injin markaɗe.

Ta zura takarda ta buga Bunkure. "Na zo ƙarshen layi. Ka lura da abin da zai faru." Ta tura wani ƙarfe da ke gefe. "Me ka gani?"

"Kan ya koma farko."

"Sai me?"

Ta sake turawa a hankali. Na ce takardar ma ta ɗaga sama.

"Aiki biyu ke nan. Komawa farko daban, sauka sabon layi daban. Hannu ɗaya ke yin su, shi ya sa ake zaton ɗaya ne."

Ta ce da kwamfuta ta zo, ba ta da ƙarfen turawa, sai aka ba kowane aiki alamarsa, ɓoyayya, wadda ba ta fitowa a allo ko a takarda. Matsalar ita ce masu ƙera su ba su haɗa baki ba. Irin ta mai kwamfutarmu, mai tambarin taga, wadda ke kowane shago, alama biyu take sawa a ƙarshen layi: koma, sauka. Manyan na'urorin da kamfanoni ke ajiye bayanai a ciki yawanci ɗaya suke sawa: sauka. Tsofaffin masu tambarin tuffa kuwa koma kaɗai suke sawa. Ta ce ta taɓa karɓo tsarin waƙoƙin coci daga wata maɗaba'a a Jos mai irin waɗannan, da ta buɗe a ofis sai ga shafi shida sun zama layi ɗaya kamar igiyar guga. Ranar ta koyi abin, da kuka.

Sai ta buɗe samfurin kamfanin ta danna wani wuri, ɓoyayyun alamun suka bayyana. Ƙarshen kowane layi tabo ɗaya. Ta buɗe namu. Tabo biyu, biyu, biyu, tun daga dagaci har ƙasa.

"Na'urarsu in ta ga sauka sai ta yanke layin. Koma kuwa ba ta san ta ba, sai ta bar ta manne a wutsiyar kalmar ƙarshe kamar ƙarangiya a wando. Bunkure baƙi nawa ne?"

Na ƙirga da yatsa. "Bakwai."

"Ita takwas take gani. Tana neman gari mai baƙi bakwai, kuna kai mata mai takwas."

Ta gangara layi na ɗari uku. Bunkure, fes, babu komai a bayanta. Mutumin ya gaji, ya buga baƙin ƙarshe ya ɗauke hannu. Duk zargin da aka yi a zaure, da kamfanin su wane, da kwandon albasa, ashe yatsan mai tabarau ne bai sauka ba.

Nan na gane, don abin gidanmu ne. Kowace kasuwa da mudunta, kuma dilan da bai san haka ba ba ya shekara. Na ce mata wato na'urar tana auna shinkafa har da buhun.

"Haka ne. Kai in ka ɗora a sikeli kana cire nauyin buhu, ko na leda ne ko na algarara. Da wanda ya tsara ta ya koya mata ta karkaɗe ƙarshen layi kafin ta gwada, ko wace iri aka kawo mata za ta karɓa. Bai yi ba, don a kan irin tasa kaɗai ya gwada."

Gyaran bai kai shan ruwa ba. Ta zaɓi wani abu, duk tabo biyun suka koma ɗaya, ta adana ta zare filash ɗin. Ba ta ba ni nan da nan ba.

"Lambar shiga tana wurin mai tabarau, dole can za ka aika. Ka ce ya tura shi yadda yake. Kada ya buɗe. In ya buɗe a manhajar da yake rubuta wasiƙu ya adana, za ta mayar da nata alamun. Ka ji, Alhaji?"

Na ce ai ni ba yaro ba ne.

Ranar Alhamis da hantsi ina hanyar shagon, filash a aljihun gaba, dagaci ya tare ni da kansa, da masu unguwanni uku. Ya ce ya kwana yana nazari kuma ya gano bakin zaren. An nuna masa jerin, ya ga an rubuta sunansa tsirara, babu Alhaji. Ta yaya na'ura za ta gane shi? Ko shi da kansa bai gane kansa ba.

Na san ba haka ba ne. Na ga tabon da idona. Amma gaya wa dagaci a tsakiyar titi cewa matar makanike ta fi shi gane matsalar, wannan wani ciniki ne daban, kuma a gonakinsa kashi ɗaya cikin goma na shinkafar da nake saye take fitowa. Na ce a raina kalma ɗaya ce, me za ta ɓata.

Mai kwamfuta dama yana cike. Ya ji cewa na kai aikinsa wurin mai tafireta.

"Alhaji, tafireta fa. Gobe sai ka kai babur ɗinka wurin mai jaki."

"Ta ce kada a buɗe."

"In ba a buɗe ba ta ina Alhajin zai shiga? Ta taga?"

Ya buɗe, a manhajar wasiƙun. Ya sa wa dagaci Alhajinsa. Liman ya aiko a sa masa Malam. Kafin azahar mutum ashirin da shida sun sami abin da ya dace da su, har da wanda Jidda kawai ya kai aka dawo da shi. Da ya gama ya gangara ƙasa, ya ce dubi yadda aka bar layin ƙarshe a rataye, ba tsari, ya danna madannin sau ɗaya don tsabtar aiki. Ya adana, ya aika.

An karɓi sifili. An ƙi ɗari uku. Madam ma aka turo mata tes cewa an soke lambarta.

Na zaci dagaci zai fashe. Sai ya gyara rawani ya ce, "To, yanzu dai an yi adalci." Masu unguwanni suka ce wannan gaskiya ne. Suka tafi cikin natsuwa, babu mai taki ko ɗaya a cikinsu, kowa ransa fari.

Komawata wutsiyar kanal da yammacin nan ita ce tafiya mafi tsawo da na yi a kan babur. Madam ta gan ni tun daga nesa, ba ta daina cirar ciyawa ba.

"An buɗe," in ji ta. Ba tambaya ba ce.

"An buɗe."

"Wa ya ce shi ba yaro ba ne?"

"Madam, a yi haƙuri. Gobe sha biyu ake rufewa."

"Gobe ranar ruwana ce. In na bar nan, na sama su toshe, sai wani makon."

Na ce ni zan sa a tsare mata ruwan, ko da ni zan tsaya da fartanya. Ta ce ba ta son fartanyata. Abu biyu take so. In sa baki a ƙungiyar masu ruwa a riƙa sakar wa 'yan wutsiya ruwa da safe ko sau ɗaya a mako, kafin na sama su buɗe nasu. Na ce na ɗauka. Na biyun fa? Na yi zaton za ta ce a kai sunanta sama baɗi, har na fara lissafin yadda zan shawo kan liman.

"Ka bar ni a layina na ƙarshe. Ba wanda ke taka ni a can."

Na ce wannan ai kyauta ce, na yi alkawari.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na ɗauko ta a adaidaita sahu, kwamfutarta a cinya. Ƙofar shagon ta cika, har dilan Kura yana jingine da motarsa yana sakace. Ta shiga ta tsaya a kan mai tabarau.

"Malam, ɗan ba ni kujerar."

"Nan wurin aikina ne, Madam."

"Na ga aikin."

Ya dube ni. Na dubi silin. Ya tashi.

Ta karɓi jerin yadda ya bar shi, da Alhazansa da Malamansa, don babu lokacin cirewa. Ta juyo da allon ta nuna masa tabo biyun, ta mai da su ɗaya a gabansa. Ya ce ai dama ya yi zargin haka tun ranar Litinin. Ta sa shi ya buga lambar shiga ya koma gefe, hannuwansa a baya. Sha ɗaya da kwata ta aika.

An karɓi ɗari biyu da tamanin da uku. Goma sha bakwai sun riga sun yi rajista a Kura.

Sai wayoyi suka fara kuka a waje, ɗaya, biyar, sannan gaba ɗaya, kamar kwaɗi ranar da aka saki ruwa. Dagaci ya ciro tasa daga aljihu, ya miƙa aka karanta masa, ya juya ga jama'a.

"Me na gaya muku? Da aka sa Alhajin ba ga shi ba?"

Aka yi ta ranka ya daɗe. Madam ta naɗe wayar cajinta, ta ce in sa mai adaidaita ya yi sauri ko ta tarar da sauran ruwa.

Bayan tirela ta sauke kaya na kira injiniyan kamfanin na yi masa bayanin koma da sauka, da nauyin buhu, yadda aka yi mini. Ya ce sun riga sun gano, suna kan aiki. Mako biyu bayan nan takarda ta zo ga duk wakilai, shafi uku, cewa ƙwararrun kamfani sun bankaɗo kuskuren da wakilai ke yi, kuma daga yau wakili ya tabbatar ƙarshen layinsa ya dace. Na'urar kuwa ba su taɓa ta ba. Wato maimakon a gyara sikeli, an umarci manoma su riƙa kawo shinkafa ba buhu.

Maganar ruwa na kai ta ƙungiya kamar yadda na ce. Aka amince, aka yi fatiha. Laraba biyu ruwa ya isa wutsiya da safe. A ta uku wani ya toshe da buhunan ƙasa, ba a san ko wane ne ba, ko da yake buhunan da tambarin shagona, kuma na san wanda na sayar wa.

Da shekara ta zagayo aka zauna jera sunaye, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba wanda ya yi faɗa a kan lamba ta goma sha tara. Kowa ƙarshe yake so. Mutane sun yi nasu lissafin: sau huɗu aka aika bara na'ura tana ɗaukar na ƙarshe kaɗai, to akwai wani abu a wurin. Na tashi na yi bayanin tafireta, har da kwatance da hannu. Na sake yi. Wani ya ce, "Alhaji, in ba komai a wurin, me ya sa Madam ta roƙa a bar ta a can?" Dagaci ya aiko a asirce cewa a takardar da za a liƙa a bango shi ne na farko, amma a cikin na'ura a sa shi a ƙasa.

Ni dila ne. Na faɗi gaskiya sau biyu ba a saya ba, kuma ba a hana mutum sayen abin da ransa ke so. Na tambaya aka ce ana iya aika jerin kashi-kashi. Na raba shi unguwa-unguwa, goma sha ɗaya, kowanne da layinsa na ƙarshe. Ban karɓi ko kwabo ba. Na dai ba waɗanda shinkafarsu ta fi yawa layukan ƙarshen, na kuma aika wa waɗanda suka gudu Kura cewa akwai sauran wuri a ƙasa. Biyar suka dawo. Da aka zo unguwar su Madam, mutum uku masu eka goma-goma suna neman wurin, ita tana da rabin eka.

Ita ke buga mini jerin yanzu, a tsakar gidanta. Na miƙa mata takardar. Ta bi da yatsa har ta sami sunanta, na goma sha huɗu cikin talatin. Ta ɗago ta dube ni, ta buga.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa manoma goma sha biyu har yau, da buhu talatin da huɗu na waccan shekarar, da gaisuwar mai tabarau, wadda ban yi kewarta ba. Na tsira da wakilci, da mutum ɗari biyu da tamanin da takwas, da dagacin da ya tabbata shi ya ceci garin. A ciniki wannan riba ce, ko a wace kasuwa aka auna. Madam kuwa ta samu buhu biyun da dama nata ne, da ruwan Laraba biyu. Layin da aka bar mata shekara ashirin don ba mai so, ranar da ya yi daraja aka karɓe, kuma ni na karɓa.